Fangali da Turke: Yadda Shekara ke Juyawa a Ƙaramar Gona a Gwandu da Kalgo

A farkon daminar 1853 wani matafiyi Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ƙasar Hausa ta sani da Abdulkarim, ya sauka a Gwandu zamanin Sarki Halilu ɗan Malam Abdullahi Fodiyo. Sarkin bai yarda sun haɗa ido ba, amma baƙon bai rasa abin rubutawa ba. A garin ne aka ara masa Tarikh al-Sudan, littafin tarihin Tumbutu da Songhai, ya yi kwanaki yana kwafe abin da ya iya. Ya kuma lura da kwarin da ya ratsa garin da ayabar da ake nomawa a cikinsa, sannan ya yabi albasar Gwandu, ya ce ta fi ta garuruwan kewaye girma da kyau, har ya shawarci duk matafiyin da ya biyo ta nan da ya yi guzurinta.

Ke nan noman lambu a wannan yanki ya girmi Jihar Kebbi, wadda aka yanke daga Sakkwato a 1991, ya girmi Nijeriyar ma. Yau idan ana zancen albasa Aliero ake fara kira, kuma ta cancanta, amma aikin da ake yi a kwaruruwan Gwandu da ƙauyukanta irin su Dalijan da Kambaza da Malisa shi ne dai aikin. Kalgo kuwa, kudu da Birnin Kebbi, tana bakin babbar fadamar da Gulbin Rima ke malalewa a cikinta, saboda haka shinkafa ce kan gaba, kayan miya suna biye da ita a gefe-gefe inda ƙasa ta ɗan tashi.

Wanda ya tsaya bakin titi ya ga buhunan albasa jere zai ce ita ce ke riƙe da manomin. Bai shiga gida ba ne. Bayan ɗaki, ƙarƙashin rumfar kara, akwai turke: rago ɗaya ko biyu, tunkiya, awaki uku ko huɗu, galibinsu na uwargida. A takardun hukuma noma daban, kiwo daban, har ma a 2024 gwamnatin tarayya ta yi wa kiwo ma'aikatarsa. A gidan mutumin da gonarsa ba ta wuce eka ɗaya ko biyu ba kuwa aljihu ɗaya ne. Dabba tana cin abin da gona ta bari, gona tana cin abin da dabba ta kasayar, kuma lokacin da ɗayansu ya ƙafe ɗayan ne ke kawo kuɗin cefane. Wanda ya saki ɓangare ɗaya, ɗayan ma ba ya daɗewa a hannunsa.

Shekarar wannan manomi da kaka take farawa. Ruwan yankin, wanda ba ya wuce milimita 800 da wani abin a zo a gani, yakan ɗauke a ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba. An riga an yanke gero, wake da gyaɗa sun nuna, dawa tana jiran sanyi. A wannan ɗan tsakanin ne ake yanke hukuncin abin da rago zai ci wata shida masu zuwa, kuma nan ne aka fi yin sakaci, domin hankalin kowa yana kan tsaba. Harawar kirki ita ce wadda aka cire tun ganyen yana kore, aka bar ta ta sha iska kwana biyu ko uku, aka ɗaure dami-dami aka ɗora kan rufin ɗaki ko rumfa ko cikin reshen itace. Idan aka bar ta a gona rana ta gasa ta har ganyen ya kakkaɓe, abin da za a kwaso igiyoyi ne kawai, amfanin ya zube a ƙasa. Harawar wake ko ta gyaɗa mai ganye ta ninka karan dawa da tattakar shinkafa wajen sinadarin gina jiki sau biyu zuwa uku. Dabbar da aka bari da kara zalla cikinta zai cika, amma ƙashin bayanta zai fito.

Akwai wata 'yar matsala a nan da malaman gona ba su cika faɗa ba. Sabon irin wake mai saurin nuna, wanda cibiyoyin bincike irin su ta Samaru Zariya da reshen IITA na Kano suka fitar, yana ba da tsaba cikin wata biyu da 'yan kwanaki, amma wasu daga cikinsa ba su da yaɗo. Tsohon iri mai malala kamar kanannado ya fi jinkiri, ya fi harawa. Masu binciken da kansu sun gane haka, shi ya sa suka fitar da iri mai ba da duka biyu. Mai turke, kafin ya karɓi iri, ya tambayi yawan ganyensa kamar yadda yake tambayar yawan buhunsa. Sauran abin tarawa kuwa sananne ne: ƙowar wake, dusar gero da ta dawa daga surfe, 'ya'yan gawo idan sun fara zuba da rani. Mai buƙata yakan sayar da harawarsa da kaka a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba, ya dawo cikin Afrilu yana sayen irinta da tsadar da za ta cinye ribar ragon tun kafin a kai shi kasuwa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ana cikin ɗaurin harawa ake zuba irin albasa. Fangalin reno ƙarami ne, ana farfasa ƙasarsa har ta yi laushi, a gauraya da tsohon taki, a barbaɗa irin, baƙaƙen ƙwayoyi masu kusurwa, a rufe da ƙasa kaɗan, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa a sama. Ban ruwansa da gwangwani mai huji ne safe da yamma, domin ruwan tiyo zai kwashe irin ya tara shi lungu ɗaya. Bayan mako guda ko kwana 10 sai a ga tsiron ya leƙo a lanƙwashe, kansa a ƙasa, kamar wanda ya yi ruku'u. Ranar nan ake janye ciyawar, in an makara ya yi tsawo fari fat ya kwanta. Mako 6 zuwa 7 ya isa dashe. Ana sakin ruwa cikin fangali, a tsinke kan ganyen dashen, a riƙa danna shi cikin taɓo da ɗan yatsa, tazarar yatsu huɗu ko biyar tsakanin wannan da wancan. Aikin yara da samari ne, duƙe tun hantsi har la'asar cikin sanyin hunturu, ƙafa cikin ruwa, kaushi yana tsagewa.

Irin albasa ba ya jure ajiya. Wanda ya kwana shekara a ɗakin da ke da zafi rabinsa ba zai fito ba, kuma a kasuwa ba a rubuta masa shekaru a goshi. Gwajinsa ba ya cin ko sisi: a ƙirga ƙwaya 20, a naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa ana yayyafa ruwa. Bayan kwana 10 a buɗe a ƙirga waɗanda suka tsira. Wanda ya yi haka kafin ya biya kuɗin tiya guda ya huta da cizon yatsa.

Saiwar albasa gajera ce, ba ta nutsawa fiye da kamu ɗaya da rabi, saboda haka abincinta da ruwanta dole su kasance a sama-sama. A nan turke ke biyan bashinsa. Takin tumaki da awaki yana sa ƙasar jigawa ta riƙe danshi, yana sassauta ta laka. Sai dai yadda ake tara shi a gidaje da yawa, rabin amfanin yana tafiya a banza. Kaso mai yawa na naitirojin da dabba ke fitarwa, wato sinadarin da ake sayen yuriya dominsa, cikin fitsarinta yake, fitsarin kuwa ƙasar turke ke shanyewa rana ta busar. Maganin abin yana zube a Kalgo tuli-tuli a bayan injinan casar shinkafa: ɓuntu. A shimfiɗa shi, ko ƙaiƙayi, ƙarƙashin dabbobin, ya tsotse fitsarin, a kwashe duk mako a zuba cikin rami a inuwa, a yayyafa ruwa, a juya shi jefi-jefi. Cikin wata biyu zuwa uku zai yi baƙi, warin ya tafi. Ɗanyen taki kuwa yana ƙona dashe, yana kawo irin ciyawa, kuma idan aka zuba shi a fangalin latas ko kabejin da za a ci ɗanye, zawon da zai biyo baya ba a fadama zai tsaya ba.

A tsince leda kafin a kai taki gona, a kuma tsince ta daga gaban akuya. Mahauta sun san yawan ledar da suke cirowa a dunƙule daga tumbin dabbar da aka ce ta rame ba dalili.

Ruwa shi ne ya fi komai cin kuɗi a yau. Kakanni da jigo da guga suke yi, mutum ɗaya yana ɗagawa ɗaya yana karkatar da ruwan daga fangali zuwa fangali, kuma ƙarfin kafaɗa ne ke iyakance girman lambu. Shirin Fadama na farko, wanda aka fara da bashin Bankin Duniya a farkon shekarun 1990, shi ya yaɗa 'yar rijiyar burtsatse ta fadama da ƙaramin injin fetur, ya mayar da noman rani sana'ar kowa. Shekara 30 aka yi ana lissafin lambu da fetur mai araha. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafi, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Wasu sun mayar da injinansu masu shan gas ɗin girki, masu hali sun koma famfon hasken rana, wanda ba ya shan komai bayan an saye shi amma sayen nasa sai an sayar da dabba. Wasu kuma rage faɗin lambun suka yi. Abin da ba a cika kawowa cikin wannan zance ba shi ne, fangalin da ya sha tsohon taki yana iya ƙara kwana ɗaya ko biyu kafin ya nemi ruwa. A lissafa hakan cikin wata uku na ban ruwa a ga litar da ta ragu.

Hunturu ne lokacin da lambu ke cikin sallarsa. Tumatir da kabeji da karas da latas duk sanyin dare suke so. Tumatir musamman, da zarar zafin rana ya wuce digiri 35 dare kuma ya ƙi yin sanyi, furensa zubewa yake ba ya ɗaure 'ya'ya, a nan kuwa Afrilu kan haura 40. Wannan ne ya sa kowa ke dasawa lokaci ɗaya, kowa kuma ya tsinka lokaci ɗaya, daga Janairu zuwa Maris, a Kebbi da Sakkwato da Kano da Katsina baki ɗaya. Kwandon da ake rububinsa da damina sai a ga mai shi yana roƙon a ɗauka ko nawa ne. Wanda ya raba dashensa kashi uku, mako biyu-biyu tsakani, ya cakuɗa da attarugu da tattasai masu jure zafi da daɗewa ana tsinka, ba zai yi arzikin dare ɗaya ba, amma ba zai zubar da kayansa duka a mako guda ba. Ragowar kuma mata ke cetonsa: a yanyanka tumatir a shanya ya zama kauɗa, kuɓewa a busar, lawashin albasa a daka a dunƙule a shanya ya zama gabu. A kan tabarma ko buhu ya kamata a shanya, domin kauɗar da aka shanya a gefen kwalta yashinta ne ke karya mata daraja.

Tun 2016, shekarar da tsutsar nan da manoma suka laƙaba wa suna sharon ta cinye tumatirin Arewa har Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kansa, feshi ya zama jiki. Ana fesawa fiye da kima, ana haɗa magani biyu ko uku cikin tanki ɗaya, wani ma ya fesa yau ya tsinka gobe. Illar ga mai ci sananniya ce. Wadda ake mantawa ita ce ta turke, domin ciyawar da yaro ya ciro daga bakin fangalin da aka fesa jiya, da ganyen kabejin da aka ɓare, duk gaban rago suke zuwa da yamma. Kowace kwalba tana ɗauke da adadin kwanakin da za a jira kafin a taɓa amfanin. Kwanakin nan sun hau kan dabba kamar yadda suka hau kan mutum.

A ƙasashen da ake kiwon alade, Sin ko ƙauyukan Faransa da Ingila a da, har da wasu gidajen ƙasar Zuru a kudancin jihar nan, shi ne ke cinye duk abin da lambu da madafa suka zubar, ruɓaɓɓe da lafiyayye, ya mayar da shi nama da taki. A Gwandu da Kalgo, ƙasar Musulmi, rago da akuya ne suka riƙe wannan gurbi, amma cikinsu ba irin nasa ba ne. Masu tuƙa ne, tumbinsu yana buƙatar busasshen abinci mai kaushi. A tara wa rago ɗanyen ganyen kabeji da safe cikinsa wayam, sai kumburi. Albasa idan ta yi yawa tana tsinka jinin dabba, shanu sun fi saurin kamuwa amma tumaki ma ba su tsira ba. Ganyen tumatir ba abincinsu ba ne. Ganyen dankali da na karas da ɓawon kankana ana bayarwa, bayan an bari sun ɗan yi yaushi kuma an fara ba da harawa. Abin da ya ruɓe kuwa ramin taki ne wurinsa.

Albasar da za ta jure ajiya tun tana gona ake shirya ta. Ana daina ba ta yuriya da zarar ta fara ɗaure kai, domin takin ƙarshe yana sa ta yi ƙaton wuya mai ruwa, ta nan ruɓa ke shiga. Idan wuyan yawancinsu ya karye ganyen ya kwanta, sai a yanke ruwa kamar mako biyu, a cire, a bar ta ta sha iska ƙarƙashin ganyenta har ɓawon ya yi ƙaras-ƙaras, sannan a yanke lawashin a bar ɗan wuya. Mai rauni da mai kai biyu da wadda fartanya ta sara kasuwa za su tafi yau. Lafiyayyun ake kai wa rudu, wato gadon itace da kara da aka ɗaga daga ƙasa aka yi masa jinka, iska tana shiga ta ƙasa tana fita ta gefe. Duk mako biyu a shiga a tsince wadda ta fara laushi, hanci ne ke fara sanar da mutum. Mai rudu ya san buhu 10 ba ya fitowa 10, wani ya ruɓe wani ya tsira wani ya ƙanƙance. Duk da haka tazarar farashin Maris da na Oktoba zuwa Disamba takan biya wannan asara har ta bar riba mai kauri.

Kowa ya san wannan lissafi. Abin da ke hana talaka cin moriyarsa shi ne ba ya iya jira. Bashin taki da na fetur yana wuyansa, sau da yawa ma daga hannun ɗan kasuwar da zai sayi albasar ya karɓa, da sharaɗin a biya da kaya ranar cira, a kuma auna da buhun da ake cusawa har a yi masa hula. Ga kuɗin makaranta, ga rashin lafiya, ga biki. Wanda ke da bunsuru biyu da zai kai kasuwar Jega ko ta Ambursa ya toshe wannan ɓaraka, shi ne albasarsa ke kaiwa Oktoba. A ganina wannan ne babban aikin akuya a gidan mai lambu, ya fi nononta da namanta. Jar akuyar Sakkwato, wadda fatarta ta daɗe tana ƙetare Sahara har Turawa suka ɗauka ta Maroko ce, cikinta wata 5 ne, tagwaye ba baƙon abu ba ne gare ta, kuma ana sayar da ita kowace ranar kasuwa. An ga amfanin haka a ƙarshen Fabrairun 2021, lokacin da ƙungiyar fataken abinci da shanu ta dakatar da kai kaya Kudu bayan rikicin kasuwar Shasha ta Ibadan. Kwanaki kaɗan abin ya yi, amma tsakiyar cira ne, tumatir ya ruɓe a kwando. Mai albasa a rudu da akuya a turke bai ji jiki kamar mai tumatir zalla ba.

Sai dai a tuna akuyar ta wace ce. A yawancin gidaje matar ce ta saya da kuɗin sana'arta ko na gadonta, ita ke ba ta dusa da ruwan tsari, 'ya'yanta ke yi mata ciyawa. Maigidan da ya kama ta ya kai kasuwa don ya ceci albasarsa rance ya ci, kuma ranar da rudu ya buɗe ya kamata a fara da mayar da ita. Inda ba a mayarwa, mata kan daina kiwon, ko su kai dabbar gidan iyayensu, turken gidan ya mutu, takin ma ya tafi da shi.

Damina ba ta da dogon bayani ga mai lambu, domin fadamar Kalgo ruwa da shinkafa ke karɓe ta, wata shekarar ma ruwan ya haɗa da shinkafar, kamar ambaliyar 2020. Kayan miya sukan koma tudu da bayan gida: kuɓewa, rama, yakuwa, lalo, alayyafo, kabewa tana hawa danga, zogale a lungu. Ga dabbobi kuwa lokacin ɗauri ne, da zarar an yi shuka mai gari ya sa an yi shela. Watannin nan ne cuta ta fi kama su, ɗanyar ciyawa ta kawo zawo, danshi ya kawo tsutsar ciki da ciwon kofato. Turke yana son tudu da rufi. Ciyawar bakin ruwa mai kwanciya tana ɗauke da tsutsar hanta, wadda ƙananan katantanwa ke yaɗawa, gara a shanya ta sosai kafin a bayar. Annobar nan mai zuwa da majina da gyambon baki da zawo, wadda likitocin dabbobi ke kira PPR, tana iya share garken awaki cikin mako biyu, alhali allurar rigakafinta, da ake yi a cibiyar Vom ta Jihar Filato, guda ɗaya tana kare dabba shekaru. Sabuwar dabbar da aka sayo daga kasuwa a ɗaure ta nesa da na gida mako biyu tukuna.

Akwai kuma maƙwabcin da noman rani ya matse. A da Bafulatani yakan sauka a gona bayan girbi, shanunsa su ci kara su bar taki, har manomi ya ba shi damin gero don ya daɗe. Fadama kuma ita ce makiyayarsa da mashayarsa idan rani ya tsananta. Yanzu fadamar kore ce shar da albasa da shinkafa tun daga Nuwamba, karan ma kwashe shi ake a sayar. Garin da ya bar burtali zuwa bakin ruwa ya rage wa kansa shari'a.

Duk abin da aka faɗa zuwa nan rana yake bi. Malaman da ke lissafin taurari 28, kusan kowanne da kwana 13, za su gaya maka lokacin shuka da na sanyi ba sa gusawa. Abu ɗaya ne cikin shekarar manomin nan ke bin wata, kuma shi ne mafi tsoka a kiwonsa: ragon Layya.

Turkar rago aikin kamar kwana 90 ne. Ana zaɓen wanda ya yi famfara manyan haƙora biyu suka fito a gaba, mai dogon jiki da faɗin ƙirji, ramamme don yunwa ba don cuta ba. Balami da Uda sun fi Yankasa girman ƙashi da kuɗi a kasuwa, Yankasa ya fi su sauƙin ci da juriya. A duba ido da ƙafa da kunne da ƙaho tun ranar saye, domin mai ido ɗaya da gurgu da mara lafiya da ƙanjamamme ba sa layya. Makon farko a ba shi maganin tsutsa, a cire kaska, a shigar da dusa sannu-sannu, don wanda aka cika wa kwano ranar farko cikinsa ke ɓacewa. Rago mai kilo 30 yana cin busasshen abinci kilo ɗaya da ɗan ɗori a yini, harawa ta fi yawa, dusa da ƙowa su cike, ga ɗan gishiri ko kanwa, ga ruwa mai tsabta a gabansa kullum. Da irin wannan ci yakan ƙara giram 100 zuwa 150 a yini, wato kilo 9 zuwa 13 kafin Sallah. Wanda ya riƙe shi wata 8 don ƙauna, abin da ya ci ya fi abin da ya ƙara.

To, Sallar tana matsowa da kwana 10 ko 11 kowace shekara. A 2016 ranar 12 ga Satumba aka yi ta, ragon ya yi ƙiba da ɗanyar ciyawar damina kusan kyauta. A 2020 ta faɗo 31 ga Yuli, a 2023 ranar 28 ga Yuni, a 2025 ranar 6 ga Yuni. Wato a 'yan shekarun nan kwana 90 ɗin kusan gaba ɗaya cikin bazara suke, Maris zuwa Mayu, lokacin da babu ko tsinken ciyawa a daji, harawa ta fi kowane lokaci tsada, zafi kuma yana rage wa dabba ci. Mai kiwon da ya koyi sana'ar shekara 10 da suka wuce, in bai sake lissafi ba, zai yi ta mamakin inda ribarsa ta shiga. Alherin wannan zango shi ne lokacin sayen ragon ya zo daidai da kuɗin albasa da tumatir, kuma ragowar lambu tana nan ana ɗan haɗawa. A 2025 ma, da gwamnatin Nijar ta hana fitar da dabbobi ana saura 'yan makonni Sallah, ragunan da suka saba shigowa ta iyakoki irin su Kamba da Illela suka yi ƙaranci, wanda ya turke nasa a gida ya sami kasuwa.

Wannan daidaituwa ba za ta daɗe ba. A 2030 cikin Afrilu za a yi Layya, ke nan tsakiyar Janairu za a sayi rago, albasa tana gona ba ta kawo ko kwabo ba, fetur yana kan cin kuɗi. A 2035 Sallar za ta faɗo cikin Fabrairu, a turke rago tsakiyar Nuwamba. Harawa za ta yi araha a lokacin, sanyi zai buɗe wa dabba ciki, amma kuɗin sayensa zai yi karo da na iri da taki da dashe, duk a wata ɗaya. A shekarun nan kuɗin rago daga albasar bara da ta kwana a rudu zai fito, ko daga shinkafar damina, ko kuma a daina saye a riƙa turke ɗan tunkiyar gida, wanda ke nufin a bar ta ta haihu shekara ɗaya da rabi kafin Sallar da ake nufi.